Yadda Ake Auna CMRR da Ƙugin Wutar Lantarki a Amfilifayar ECG

Siginar zuciya da na'urar ECG ke ɗauka a kan fata kimanin 1 mV ce, wato kashi ɗaya cikin dubu na volt, ta ƙwaƙwalwa kuwa ba ta cika wuce 100 µV ba. Wutar da ke bin wayoyin bangon ɗakinmu volt 230 ce ko kusa da haka, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz, a Najeriya da Nijar da Gana duka. Ko mutum bai taɓa waya ba, jikinsa na ɗaukar wani abu daga wannan wuta ta iska, kuma abin da ya ɗauka yakan ninka siginar zuciya sau da yawa. Sa'ar da aka yi ita ce wannan ƙugi yana zuwa kusan iri ɗaya a wayoyi biyun da ke shiga amfilifaya, shi ya sa muke ce masa siginar tarayya. Abin da muke nema shi ne bambancin da ke tsakanin wayoyin biyu. Amfilifaya mai kyau kamar sikeli mai kwano biyu take: in an zuba nauyi daidai a kowane kwano, allura ba ta motsi. CMRR lamba ce da ke nuna yadda amfilifaya ke ninka siginar bambanci ta yi watsi da ta tarayya, ana faɗar ta da dB.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu: lambar da kamfani ya rubuta a takardar bayanin IC, wato ƙwayar amfilifayar da ake sayowa a haɗe, ta IC ɗin ce shi kaɗai. Da'irar da ka haɗa, da wayoyinta da kondensojinta, tana da tata lambar, kuma sau da yawa tazarar da ke tsakani tana da girma ƙwarai. Sai ka auna za ka sani.

Kayan aiki

- Amfilifayar da za a gwada. Zan yi misali da AD620 ko INA128 a matakin farko, da wani mataki na biyu, jimillar ninki 1000.
- Batir biyu masu volt 9, don samun +9 da −9.
- Injin ba da sigina mai fitar da igiyar sain. In babu, wayar hannu da manhajar fitar da sauti ta jakin kunne za ta yi, sai dai ƙarfinta ba ya wuce volt 1 ko ƙasa da haka.
- Osiloskof, musamman mai iya ɗaukar matsakaici da FFT, wato zanen da ke nuna ƙarfin kowane firikwensi a sigina. In babu, katin sauti na laftof da manhajar Audacity yana nuna 50 Hz da 60 Hz sarai.
- Mita mai auna AC.
- Resista: 100 kΩ, 100 Ω, 10 kΩ, da 51 kΩ guda uku.
- Kondensa: 47 nF guda uku, 100 pF guda biyu.
- Gwangwanin ƙarfe mai murfi, irin na biskit ko na madarar gari, wanda allon zai shiga ciki.
- Gajerun wayoyi, da ainihin wayoyin da za a maƙala wa mutum.

Duk gwajin nan ba a yin sa a jikin mutum. Resista da kondensa ne ke tsayawa a madadin fata. Injin sigina da osiloskof suna jone da wutar gida, kuma ƙa'idar kayan asibiti ta IEC 60601-1 ta taƙaita wutar da aka yarda ta bi ta jikin majiyyaci zuwa 10 µA a na'urorin da suka shafi zuciya, adadin da ba za ka ji shi da hannu ba balle ka kiyaye shi da ido. Ranar da za ka maƙala wa mutum, komai ya koma kan batir, laftof ɗin ma a cire masa caja.

1. Shirya da'irar

Sa allon cikin gwangwani, ka haɗa jikin gwangwanin da ƙasan da'irar, wato mahaɗar batir biyun. Sa kwali a ƙarƙashin allon kada dalma ta taɓa ƙarfe. Auna batir ɗin, don batirin da ya yi sanyi yana rage iyakar siginar da IC zai iya ɗauka.

In da'irarka na da matatar da ke datse 50 Hz, tsallake ta ko ka ɗauki ma'auni kafin ita. Wannan matata ɓoye matsala take yi. Za ta ba ka lamba mai daɗin gani alhali matakin farko na shan ƙugi. Haka nan, in akwai da'irar ƙafar dama, wadda ke mayar da sigina cikin jiki ta ƙafar dama ta majiyyaci don rage ƙugi, cire wayarta tukuna. Za mu dawo mata a mataki na 7.

Zaɓi firikwensin gwaji. Ni 60 Hz nake sawa, ba 50 ba. Tunda wutarmu 50 Hz ce, duk abin da ya bayyana a 60 na injinka ne, abin da ya bayyana a 50 kuma ɗakin ne ya kawo shi. In ka yi gwaji a 50 daidai, biyun za su cakuɗe, sai ka ga tsayin igiyar na hawa yana sauka a hankali, ka rasa wanda za ka rubuta.

2. Auna ninkin bambanci

Kada ka dogara da lissafi. A AD620 ninki shi ne 1 + 49.4 kΩ ÷ RG, a INA128 kuma 1 + 50 kΩ ÷ RG, inda RG ita ce resistar da ke saita ninki, amma matatun da ke biye suna rage shi a wasu firikwensi. In kana da matatar da ke yanke abin da ya haura 40 Hz, ninkinka a 60 Hz ya riga ya sauka sosai. Dole ka auna ninkin bambanci a firikwensin da za ka auna na tarayya. Wannan kuskure ya fi kowanne yawa wurin masu farawa: su ɗauki ninki a 10 Hz, su ɗauki na tarayya a 60, su raba, lambar ta fito da kyau fiye da gaskiya.

Injin sigina ba ya ba da 1 mV mai tsabta, don haka rage ta za ka yi. Daga bakin injin sa 100 kΩ, daga ƙarshenta sa 100 Ω zuwa ƙasa. Mahaɗarsu na ba da kashi ɗaya cikin 1001 na abin da ya shiga. Jona mahaɗar da ƙafar shiga mai alamar +, ƙafar − kuma ta tafi ƙasa. Saita injin a volt 1 daga ƙoli zuwa ƙoli, ka tabbatar da osiloskof. Abin da ke shiga amfilifaya yanzu kusan 1 mV ne. In fitarwa ta nuna volt 1, ninkin bambanci 1000 ke nan. Rubuta ainihin abin da ka gani, ko 940 ne ko 870.

Dubi siffar igiyar. In kanta ya baje, amfilifaya ta cika, rage sigina. Kuma kada ka haɗa ma'aunin mita da na osiloskof ba tare da juyawa ba: mita na ba da RMS, sai an ninka shi da 2.83 ya zama daga ƙoli zuwa ƙoli a igiyar sain.

3. Auna ninkin tarayya

Cire resistocin ragewa. Haɗa ƙafafun shiga biyu wuri ɗaya da gajeriyar waya a kan allon, ka jona su kai tsaye da bakin injin. Sa 10 kΩ daga wannan mahaɗa zuwa ƙasa. Dalilinta shi ne kowace ƙafar IC na buƙatar hanyar DC zuwa ƙasa don ɗan ƙaramin wutar da take ja, kuma jakin wasu wayoyin hannu da katunan sauti ta kondensa yake fitowa, ba ya ba da wannan hanya. In babu ita, fitarwa za ta yi ta gangarawa har ta manne a sama ko ƙasa.

Yanzu ɗaga sigina. Volt 4 daga ƙoli zuwa ƙoli ya dace da batir ±9. Kada ka kusanci ƙarfin batir, don waɗannan IC suna buƙatar tazarar volt ɗaya zuwa biyu daga kowane gefe, kuma in ka ƙetare, abin da za ka gani gurɓacewa ce, ba CMRR ba.

Fitarwa za ta yi ƙanƙanta, wataƙila 'yan mV cikin hayaniya. A nan ne ɗaukar matsakaici ke amfani. Sa osiloskof ya riƙa kama igiya daga siginar injin a tasha ta biyu, ka kunna matsakaici na 64 ko 128. Abin da ke tafiya tare da injin zai tsaya, ƙugin 50 Hz da sauran hayaniya su narke. Mai amfani da katin sauti ya naɗi daƙiƙa goma, ya duba tsayin layin 60 Hz a zanen firikwensi, ya kwatanta da wata sigina da ya san girmanta.

Gwaji ɗaya na tabbatarwa: rage siginar injin zuwa rabi. In abin da ke fitowa ya ragu zuwa rabi, ma'auninka na gaskiya ne. In bai motsa ba, hayaniya kake aunawa, kuma abin da za ka iya cewa kawai shi ne CMRR ɗinka ya fi lamba kaza.

4. Lissafi

Raba fitarwa da shigarwa ka samu ninkin tarayya. Misali 40 mV a kan volt 4 ya ba da 0.01. Raba ninkin bambanci da shi: 1000 ÷ 0.01 = 100,000. Ɗauki log mai tushe 10 na wannan ka ninka da 20, ya zama 100 dB. Kowane 20 dB ninki goma ne: 80 dB shi ne 10,000, 60 dB kuma 1000. AD620 a ninki 10 yana ba da wajen 100 dB, ƙaramin allon AD8232 da ɗalibai ke yawan saye kuma kamfaninsa 80 dB ya rubuta. In ka samu abin da ke kusa da na takarda, IC ɗin lafiya yake kuma haɗinka a kan allo ya yi.

5. Gwajin rashin daidaito

Wannan mataki shi ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Abin da muka auna a baya yanayi ne da ba ya faruwa a jikin mutum, don fata ba waya ba ce. Tsakanin kowace maƙala da jiki akwai turjiya, kuma ba ta taɓa zama daidai a ɓangarorin biyu: nan fata ta bushe, can akwai gumi, wata maƙalar man jikinta ya fara ƙafewa. Wannan turjiya da turjiyar shiga ta amfilifaya suna raba siginar tarayya a tsakaninsu. In rabon ya bambanta a wayoyi biyun, wani ɓangare na ƙugin ya rikiɗe ya zama siginar bambanci tun kafin ya isa IC, shi kuwa IC zai ninka shi sau dubu da zuciya ɗaya, don ba shi da hanyar bambance shi da bugun zuciya. Masu bincike Huhta da Webster sun yi bayanin wannan tun 1973, kuma har yau shi ne babban tushen ƙugi a yawancin da'irorin da ake haɗawa da hannu.

Ƙa'idojin na'urar ECG, wato IEC 60601-2-25 da 60601-2-27, suna kwaikwayon fata da resista 51 kΩ a gefe da kondensa 47 nF. Haɗa su gefe da gefe, ka saka su a layin ƙafar + kaɗai, ƙafar − ta ci gaba da tafiya kai tsaye zuwa injin. A wannan karon yi amfani da ainihin dogayen wayoyin da za a maƙala wa mutum, don su ne ake tuhuma. Maimaita mataki na 3. Sannan ka mayar da haɗin zuwa ƙafar −, ka sake. Wanda ya fi muni shi ne lambarka.

Ga lissafin abin da za ka iya tararwa. A 50 Hz wannan haɗi na fata yana da turjiyar kusan 41 kΩ. Takardar IC za ta ce turjiyar shigarsa gigaohm 10 ce, sai ka ɗauka babu damuwa. Amma waya mai sulke ta tsawon mita ɗaya tana da kamar 100 pF tsakanin cikinta da sulkenta, kuma 100 pF a 50 Hz daidai yake da kusan 32 MΩ. Raba 41 kΩ da 32 MΩ, ka samu kashi ɗaya cikin 780 ko makamancin haka, wato 58 dB. IC ɗin da ya ba ka 100 dB a mataki na 4 ya dawo 58 saboda waya ɗaya, kuma volt 4 ɗin nan za su fito kamar volt 5 a fitarwar amfilifaya. Ba IC mai tsada ne maganin wannan ba. Maganin shi ne gajarta waya, rage kondensojin da ke tsakanin ƙafafun shiga da ƙasa, tuƙa sulken da siginar tarayya ta hanyar bafa, wato amfilifaya mai ninki 1, maimakon kai shi ƙasa, ko kuma sa bafa a kan maƙalar kanta.

Haka resistocin da ake sawa daga kowace ƙafa zuwa ƙasa. Mai sa 1 MΩ a can ya saukar da turjiyar shigarsa zuwa 1 MΩ, kuma da rashin daidaito na 41 kΩ ba zai wuce 28 dB ba. Na fi son a bar wayar ƙafar dama ta ba da hanyar DC.

Akwai kuma ɗan ƙarfin DC da ke tasowa tsakanin maƙala da fata, wanda ƙa'idar ta ce na'ura ta jure har ±300 mV. Shi ya sa ninkin matakin farko ba ya wuce 10 ko kusa da haka. In kana da hali, saka 300 mV daga ƙaramin batir da resistoci masu rabawa a layi ɗaya, ka ga ko lambar ta tsaya.

6. Gano inda ƙugi ke shigowa

Kashe injin sigina ka cire shi gaba ɗaya. Haɗa kowace ƙafar shiga zuwa ƙasa ta nata 51 kΩ da 47 nF, komai cikin gwangwani, murfi a rufe. Naɗi daƙiƙa goma. Raba abin da ka gani da ninkin bambanci don sanin girmansa a bakin shiga. Ƙa'idar ta sa iyaka a 30 µV daga ƙoli zuwa ƙoli, wato 30 mV a fitarwa in ninkinka 1000 ne.

Sai ka duba FFT, don kowane layi yana da labarinsa. Layin 50 Hz wutar ɗaki ce ta iska ko ta maganaɗisu. Layin 100 Hz yawanci daga na'urar juya AC zuwa DC yake, ko fitilar fuloresan. Layukan 150 da 250 Hz na nuna taransifoma a kusa, ko infata mai igiyar da ba sain ba, ko janareta.

Yanzu buɗe murfin ka fito da wayoyi, ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Haɗa bakin wayoyin biyu, ka ware tsakiyarsu su yi zobe. In ƙugi ya ƙaru da faɗin zoben, ya kuma canza in ka juya shi, maganaɗisu ne, kuma sulke ba ya hana shi. Murɗa wayoyin tare kamar igiya ka nisanta su daga taransifoma da stabilaiza. In kuwa kusantar da hannunka ne ke ƙara shi, ta iska yake shigowa, a nan sulke ke aiki. Jona cajar laftof ka cire, ka ga bambanci. A gidajen da soket ba shi da wayar ƙasa ta gaskiya, kuma suna da yawa, caja kan ɗora wani ƙarfi a jikin laftof wanda ke bi ta wayar USB ya shiga da'irarka.

Ɗauke wuta ma yana da amfani a nan. Da zarar an ɗauke, in kayanka na kan batir, naɗi ma'auni nan take kafin maƙwabta su tayar da inji. Wannan ita ce hayaniyar da'irarka zalla. Idan an tayar da janareta kuma, sake dubawa. Ƙananan janareta ba sa tsayawa a 50 Hz, suna sauka in kaya ya yi musu nauyi, suna hawa in an rage. Matatar da aka saita a 50 daidai, musamman mai ƙunci, za ta bar ƙugin ya wuce ta gefenta. Duk na'urar da za ta yi aiki a asibitin da ke komawa kan inji kullum, dole a kashe ƙugin tun daga bakin shiga, kada a jingina da matata.

7. Mayar da da'irar ƙafar dama

Ba za ka gwada ta da tsarin mataki na 3 ba, don injin da aka jona kai tsaye ya fi ƙarfinta. Wutar gida ta ɗan ƙaramin kondensa na iska take shiga jiki, haka za ka kwaikwaya. Daga bakin injin sa 100 pF, daga ƙarshensa sa wani 100 pF zuwa ƙasan injin. Mahaɗarsu ita ce jikin majiyyaci, tana ɗauke da rabin ƙarfin injin. Kada ka yi ƙoƙarin auna ta da sandar osiloskof, turjiyar wurin ta kai 16 MΩ a 50 Hz, sanda mai 10 MΩ za ta ja ta ƙasa. Daga mahaɗar, wayar ƙafar dama ta bi ta 51 kΩ da 47 nF, ɗaya daga wayoyin shiga ma haka, ɗayar kai tsaye.

Ƙa'idar na amfani da volt 20 RMS, mahaɗa ta samu 10, kuma abin da ya fito bai kamata ya wuce daidai da 1 mV daga ƙoli zuwa ƙoli a bakin shiga ba. Wannan kusan 89 dB ne. Yawancin injinan sigina ba sa kai wannan ƙarfi, sai ka rage iyakar gwargwado: in injinka na ba da volt 20 daga ƙoli zuwa ƙoli, mahaɗa na da 10, iyakarka 0.35 mV.

Amfilifaya ta kasance a kan batir, kuma ka karanta fitarwa da abin da ba ya haɗa ƙasanta da ƙasan injin, kamar laftof a kan batirinsa. In osiloskof na wutar gida kaɗai gare ka, yi gwajin, amma ka rubuta a littafinka cewa ƙasan biyu a haɗe suke, don lambar ba za ta zo ɗaya da ta na'urar da ke ware ba. Auna da wayar ƙafar dama tana tafiya ƙasan da'ira kawai, sannan da ita a bakin da'irarta. Bambancin shi ne ribar da ta kawo. In ka ga wata igiya mai sauri ta taso da kanta, da'irar na rawa, ƙara kondensan da ke zagaye da amfilifayarta.

8. In lambar mataki na 4 ta yi ƙasa

Fara da ƙafar REF ta IC, wadda ke tsayar da inda fitarwa ke zama in babu sigina. Dole ta je ƙasa kai tsaye ko ta fito daga bafa. Takardar INA128 ta nuna cewa ohm 8 kacal a layin wannan ƙafa na saukar da CMRR zuwa kusan 80 dB a ninki 1, to ina ga wanda ya jona ta da resistoci biyu masu raba wuta. Sai ka duba matatar bakin shiga: kondensoji biyun da ke zuwa ƙasa su zama iri ɗaya, ka auna su ka zaɓi masu kusanci, kuma wanda ke tsakanin ƙafafun biyu ya ninka su aƙalla sau goma.

In da ƙananan amfilifayoyi uku na of-am ka haɗa amfilifayar da kanka, resistoci huɗun matakin ƙarshe su ne ke yanke hukunci. Masu kuskuren kashi 1 cikin ɗari na iya barin wannan mataki a 34 dB in ninkinsa 1 ne, masu 0.1 kuma 54 dB, sai ninkin matakin farko ya ƙara a kai. In ba ka samu masu kyau a kasuwa ba, maye gurbin wadda ke zuwa ƙasa da resista ɗan ƙarami da firiset, wato resistar da ake juyawa a saita, mai juyi da yawa a jere. Kunna tsarin mataki na 3, ka riƙa juya firiset a hankali har igiyar ta kai mafi ƙanƙanta, ka ɗiga masa ɗan fenti kada ya motsa. Bayan haka goge ragowar man dalma da sifirit, musamman a damina da laima ke sa shi yoyon wuta tsakanin ƙafafu, ka bar allon ya bushe, sannan ka maimaita daga mataki na 2.